Jaririna yana kwance a asibiti, na kasa buɗe baki a gaban likita

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 21, kuma wannan ce haihuwata ta fari. Jaririna watansa uku. Yau kwanansa huɗu a kwance a ɗakin yara na wani babban asibitin gwamnati, sun ce limoniya ce, wato ciwon huhu. An sa masa oksijin a hanci, ana masa allurai ta kanula, 'yar robar nan da ake sawa a jijiya. Ni dai a idona babu sauƙi. Jikin da zafi har yanzu, ya rage kama nono, in ya kama sai ya saki yana haki. Daren jiya da na shekaranjiya ban ga an yi masa allurar tsakar dare ba. Hannun da aka sa kanular ya kumbura, in ana tura magani sai ya callara ƙara. Da safe likitoci kan zo su da yawa, su kewaye gadon, su yi Turancinsu a junansu su wuce. Sau ɗaya na daure na ce wa wata nas kamar jikin ƙaruwa yake yi, ta ce min, "Ke likita ce?" Tun daga nan bakina ya mutu. Surukata da ke taya ni jinya ta ce in daina rawar kai a kan ɗan fari, abin kunya ne, kuma in ba sauƙi zuwa jibi mu ɗauke shi mu koma gida a yi na Hausa. Maigida sai bayan la'asar yake zuwa daga kasuwa, shi kuma cewa yake in yi shiru kada in ɓata musu rai su yi watsi da yaron. Akwai kuma abin da ban faɗa wa likita ba: kafin mu zo mun ba shi ɗauri da maganin tari na kemis, an kuma yi masa allura biyu a kemis ɗin. Tsoro nake kada a ce ni na jawo. Anti, ya zan yi?

Daga wata uwa mai jinya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya. Allah Ya tashi kafaɗun yaron, Ya raya miki shi. Na tsallake wasiƙun da suka riga taki zuwa, domin irin wannan ba ta kwana.

Kafin ki ci gaba da karatu, ki duba shi. Ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur a lokacin da ba kuka yake ba. Tashin ciki da saukarsa ɗaya ake ƙirga su. Ga jaririn da ke tsakanin wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri. Wanda bai kai wata biyu ba, 60 ne ma'auninsa. Mai limoniya dama zai yi saurin numfashi, don haka abin lura shi ne ko adadin hawa yake yi ko sauka. Amma akwai alamomin da ba a jiran zagayen safe a kansu. Ƙasan haƙarƙari yana lotsawa sosai duk sa'ad da ya ja iska, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa yana gyaɗawa tare da numfashin, ko leɓe da harshe sun yi duhu sun koma shuɗi-shuɗi, ko numfashin yana ɗaukewa ya dawo. Haka nan in ya ƙi nono sam, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laƙwas kina tashinsa ba ya farkawa sosai. Jikin jariri da ya yi sanyi ƙalau ma kada ki ɗauka sauƙi ne ya samu, wani lokaci ya fi zafin haɗari. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, tashi ki tafi teburin nas-nas ki ce, "Sista, numfashin yarona ya canza, don Allah a zo a gan shi yanzu, a kira likitan da ke bakin aiki." Ko ƙarfe ukun dare ne. Kada ki koma ki zauna sai da wani a bayanki.

Hannun nan da ya kumbura shi ma na yau ne, ba na gobe ba. Jijiyar jariri siririya ce, kanula kan goce daga cikinta cikin kwana biyu ko uku, wani sa'in ma a wuni ɗaya, ba lallai da laifin kowa ba. In ta goce, abin da ake turawa ƙarƙashin fata yake taruwa, shi ya sa wurin ke kumbura ya yi tauri ko sanyi, yaro ya callara ƙara. Illar biyu ce: fatar na iya lalacewa ta zama gyambo, kuma maganin bai shiga jini yadda ake so ba. Watakila ma wannan yana cikin dalilan da zazzaɓin ya ƙi sauka. Ki jera wa nas hannayensa biyu ta ga bambancin da idonta, ki roƙa kada a sake tura komai ta wurin sai an duba. Za a cire a sa wata a ɗaya hannun ko a ƙafa, wani lokaci har a fatar kai, kuma wannan ba abin firgita ba ne. In asibitin mai jinya ne ke sayen kaya, ki tambaya a rubuta miki. Kanular jarirai yawanci mai ruwan ɗorawa ce, lamba 24, kuma gara ki riƙe biyu, domin ba kullum ake samun jijiya a karon farko ba. In kuma an rataya masa ƙarin ruwa, kada ke ko Hajiya surukarki ku taɓa ɗan marfin da ke rage gudu ko ƙara shi. Jariri mai kilo 6 ruwan da jikinsa ke buƙata a awa 24 bai wuce kamar mililita 600 ba, wato 25 a awa, kuma mai limoniya sau da yawa ƙasa da haka ake ba shi. In kin ga leda guda tana zuba tana neman ƙarewa cikin awa ɗaya ko biyu, ko fatar idonsa ta fara kumbura, ko ruwan ya tsaya cak, ki kira.

To, mu zo kan bakin da kika ce ya mutu. Na san daga inda abin ya fito. Kin tashi an koya miki ba a ja-in-ja da babba, ba a ƙure baƙon namiji da ido, ba a kama sunan ɗan fari balle a nuna zaƙuwa a kansa a gaban suruka. Sai ga ki a wurin da kowa ke da farar riga da Turanci, ke kuma ba barci, ba abincin kirki. Duk wanda ya ce da sauƙi bai gwada ba. Amma ki yi wannan lissafin. Likitan da ya zo zagaye minti biyar ko goma yake yi a bakin gadon. Nas ɗaya da daddare tana iya riƙe da gadaje masu yawa. Ke kuwa dare da rana kina kansa. Sau nawa ya sha nono, minti nawa ya yi kafin ya saki, yaushe ya yi fitsarin ƙarshe, kukan nasa irin na jiya ne ko ya raunana, babu na'urar da za ta gaya wa likita wannan, kuma da shi yake yanke hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitocin yara an koya musu cewa in uwa ta ce ɗanta ba daidai yake ba, a sake dubawa. In kin yi shiru, ba ladabi kika yi wa likita ba, kin bar shi ne yana aiki da rabin labari.

Maganar da nas ɗin nan ta yaɓa miki ba daidai ba ce, ba zan wanke ta ba. Sai dai kada ki yi wa ɗakin duka kuɗin goro saboda ita. Ma'aikata sun yi ƙaranci a asibitocinmu, da dama sun tafi ƙasashen waje, waɗanda suka rage suna aikin mutum biyu ko uku. Mai gajiya yana iya share "kamar jikin ƙaruwa yake yi". Amma da wuya ya share wannan: "Da asuba numfashinsa 54, yanzu 66, kuma tun azahar bai jiƙa famfas ba." Don haka ki sa a sayo miki littafin rubutu na 'yan makaranta da biro. In boko bai zauna miki ba, ki yi da ajami, ko ki riƙa naɗar muryarki a waya kina faɗin lokaci. A shafin farko ki rubuta nauyinsa da aka auna ranar da aka kwantar da shi, domin da nauyi ake lissafa kowane magani. Daga nan kuma lokaci da abin da ya faru: ya sha nono, ya yi amai, an canza famfas a jiƙe ko a bushe (jaririn da ke samun isasshen ruwa kan jiƙa kamar shida a awa 24), an yi allura, an auna zafin jiki ya nuna kaza. Ƙirgan numfashi kamar sau huɗu a wuni ya isa. In an maƙala masa ɗan abin nan mai jar wuta a yatsan ƙafa, lamba biyu yake nunawa, ɗaya bugun zuciya, ɗaya yawan oksijin a jini. Ki tambayi nas wacce ce wacce. Ta oksijin in ta zauna ƙasa da 90, yaron yana buƙatar iskar ko ƙarinta. Ki riƙa leƙa robar hancin, domin takan zame ta koma kumatu, majina kuma takan toshe ta. Jariri irin naki yawanci lita 1 zuwa 2 a minti ake sa masa. Ba naki ba ne ki murɗa, amma in an ɗauke wuta injin ya tsaya, ko tukunyar ta ƙare, naki ne ki faɗa nan take. In kuma wata ta sake ce miki ke likita ce, ki ce, "A'a Sista, uwarsa ce. Abin da na gani nake gaya miki, ke ce mai sanin fassararsa."

Yanzu abin da kika ɓoye. Ki faɗe shi yau. Ba ke kika jawo masa limoniya ba, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma tana kama har 'ya'yan likitoci. Amma ɓoyewar tana iya cutar da shi. Allurai biyun nan na kemis, ba ki san mene ne a ciki ba. In akwai jantamaisin, alal misali, wani maganin ƙwayoyin cuta, kuma a asibiti shi ake ci gaba da yi masa, likita yana buƙatar sanin adadin da ya riga ya shiga jikinsa, domin in ya yi yawa yana taɓa ƙoda da ji. In maganin ƙwayoyin cuta aka riga aka yi, gwajin jinin da ake shukawa don gano ƙwayar na iya fitowa ba komai alhali akwai. Maganin tari kuwa ba a ba jariri, wasu irinsa suna sa barci mai nauyi, sai a kasa gane ko ciwon ne ya kwantar da shi ko maganin. Ɗauri kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da aka jiƙa, ga hanta da ƙodar ɗan wata uku ba su yi ƙwari ba. A 2008 wani maganin fitowar haƙorin yara na ruwa da ya gurɓata ya lalata ƙodar yara a Najeriya, aƙalla 84 suka rasu, kuma kwalaben da aka samu a hannun iyaye suna cikin abin da ya kai ga gano tushen. Saboda haka ki sa a kawo kwalbar maganin tarin da sauran ɗaurin a nuna. Maigida ya koma kemis ɗin, ba don rigima ba, a rubuta masa sunan allurar da yawan da aka yi da ranar. Mai yiwuwa likita ya yi faɗa. Faɗan minti biyu ne, kuma da wuya ki zama ta farko da ta gaya masa irin wannan a makon nan. Daga yau kuma kada komai ya shiga bakinsa a ɓoye, ko ruwa ne, ko zuma, ko farasitamol ɗin jakarki. Na ambaci farasitamol ne domin a nan ake yawan yin kuskure: ana ba shi a ɗaki, uwa ma ta ƙara nata. Awonsa miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, ba a wuce sau huɗu a awa 24. Ga mai kilo 6, mililita 2.5 na sirof mai miligiram 120 a cikin mililita 5 ya ba shi miligiram 60. Amma na ɗigawa ya fi ƙarfi nesa, miligiram 100 ne a mililita ɗaya, wanda ya auna 2.5 daga cikinsa ya ɗura wa jariri 250.

Allurar daren da ba ki gani ba, ki fara da tambaya kafin zargi. Ba kowane magani ake yi da dare ba. A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa kan limoniya mai tsanani, amfisilin duk bayan awa 6 ake yi, miligiram 50 ga kowane kilo, shi ne ke faɗowa tsakar dare. Jantamaisin sau ɗaya ne a rana, haka seftiriyazon galibi. Asibitinku na iya zaɓar wani daban. Ki ce wa nas, "Sista, don Allah magani nawa yake karɓa, kowanne ƙarfe nawa?" Akwai takardar magani a fayil ɗinsa da ake sa hannu duk lokacin da aka yi allura, gurbin da ba a cike ba zai nuna kansa. In da gaske an tsallake, dalilin yawanci ɗaya ne cikin uku: maganin da kuka sayo ya ƙare ba wanda ya sanar da ku, ko kanular ta lalace ba a samu mai sa wata ba, ko abin ya faɗi tsakanin masu tashi daga aiki da masu karɓa. Na farkon yana hannunku. Kullum kafin magariba ki ƙirga abin da ya rage, kwalabe da sirinji da ruwan haɗawa, ki tabbata zai kai ku safiya. Ki sa ƙararrawar waya, in saura minti goma ki je ki gaishe da mai aikin dare ki tuna mata. Kada ki nemi a ninka don a rama wanda ya wuce; ki dai gaya wa likita da safe an tsallake sau kaza, domin ba daidai ba ne a ce magani ya gaza alhali ba a ba da shi cikakke ba.

Zagayen safe shi ne damarki mafi girma, kuma nan ne iyaye da yawa ke yin asara, domin lokacin ne suke layin biyan kuɗi ko neman ruwan zafi. Ki aiki wani. Ke ki zauna da littafinki, yaron a shirye. Cikin masu fararen rigunan nan akwai ɗalibai, akwai sabon likita mai neman sanin makamar aiki, akwai masu neman ƙwarewa, sai babban likitan yara wanda sunansa ke kan fayil, shi kuma ba lallai ya zo kullum ba. Wanda ake karanta wa bayani, sauran suna saurare, shi ne babba a ranar. In sun gama nasu, kafin su ɗaga ƙafa, ki ce, "Ranka ya daɗe likita, sannu da aiki. Ina da tambaya uku, don Allah a yi min da Hausa." In ba ya jin Hausa, cikinsu ba za a rasa mai ji ba. Ta farko: a ma'auninku, ya fi ranar da muka zo sauƙi ko ya fi tsanani? Ta biyu ita ce babba a wurinki. Ƙa'ida ita ce in an yi awa 48 ana magani ba sauƙi, a sake zama a kan yaron, ku kuwa kun yi kwana huɗu. Sai ki ce, "Yau kwana huɗu, zazzaɓin bai sauka ba, shan nono ya ragu, me ake tunani, me za a yi yau?" Likita zai duba ko ƙwayar ba ta jin maganin a canza, ko ruwa ko mugunya ta taru a gefen huhu, ko akwai ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka ko matsalar zuciya a ƙarƙashi, ko kuma irin ciwon ƙirjin nan ne na jarirai da ƙwayar bairos ke kawowa, wanda oksijin da ciyarwa ne jigon maganinsa. Ta uku: gwaje-gwajen da aka rubuta, wanne ya fito, wanne ya rage? Sau da yawa hoton ƙirji ko sakamakon jini yana can a ɗakin gwaji ba wanda ya karɓo, likita yana jira, iyaye ma suna jira. In ya gama, ki maimaita masa abin da kika fahimta da bakinki, "Wato yau za a yi hoto, a canza allura, in numfashi ya ƙaru in kira." Nan ake kama rashin fahimta.

Ki kuma ɗaga maganar nono. Jaririn da ke haki ba ya iya tsotsa da numfashi lokaci ɗaya, yana ma iya shaƙewa. Ana zura masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki a riƙa ba shi nonon da kika tatsa da awo. Iyaye da yawa na tsoronta, suna ganin alamar ƙarshe ce. Ba haka ba ne, hutu ce gare shi, kuma ana cire ta da zarar ya iya kamawa. Ki riƙa tatsa kamar duk awa uku a kofi mai tsabta da murfi, ko da bai sha ba, don kada nonon ya janye.

In kin yi magana ba a motsa ba, kuma kina ganin yaron yana ƙara nisa, akwai matakala. Daga nas sai shugabar ɗakin, wadda ake ce wa metiron. Daga ƙaramin likita sai na samansa, sai babban likitan. Faɗin "don Allah ina so babbanku ya gan shi" ba zagi ba ne, kuma ƙaramin likita mai hankali sau da yawa daɗi yake ji, don shi ma nauyin ya yi masa yawa. Doka ma tana bayanki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi bayanin ciwo, hanyoyin magani, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da mutum ke fahimta, kuma ta hana a ƙi ba da taimakon gaggawa. A 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da ya nanata haka. Asibitocin gwamnatin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke, kuma akwai ofishin walwala in kuɗi ne ya tsaya. Sai dai ban ce ki fara da karanto doka a bakin gado ba, balle ɗaukar bidiyo a ɗora a Facebook, ko hayaniya da zagi. Wannan yana mai da hankalin kowa kan rigimar, yaron kuma yana kwance. Koke a rubuce yana iya jira. Numfashi ne ba ya jira. Kuma kada ki ɗauka wannan matsalar tamu ce mu kaɗai. A Ingila wata yarinya mai shekara 13, Martha Mills, ta rasu a 2021 bayan ƙwayar cuta ta shiga jininta a asibiti, iyayenta suna ta nuna damuwa ba a ɗauka da muhimmanci ba. Mai binciken musabbabin mutuwa ya ce da an mai da ita sashen kulawa ta musamman da wuri, mai yiwuwa da ta rayu. Daga 2024 aka fara tsari da sunanta, wanda ya ba iyali damar kiran wata tawagar likitoci daban ta sake duba mara lafiya cikin gaggawa.

Hajiya kuma, ki yi mata adalci. Jikanta ne, ita ma tsoro take ji, kuma a zamaninta da alkunya aka auna tarbiyyar mace. Ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ba ta aiki: ta riƙe shi ki rintsa, ta lura da robar hanci, ta yi masa addu'a da tofi a bakin gado, ba mai hana wannan. Abin da ba za a yi ba shi ne ɗura rubutu ko jiƙo, shafa man zafi a hanci, kiran wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga a ƙirji, da kunna turaren wuta ko hayaƙi, wanda ban da cutar da huhu, kusa da oksijin gobara ce. Maganar ɗauke shi jibi kuwa, a nan ba zan sassauta ba. Jaririn da ke kan oksijin in aka cire shi aka sa a Keke Napep, yana iya kasa kaiwa gida. Za a ba ku takarda ku sa hannu cewa kun tafi ba da yardar likita ba, amma sa hannu ba ya ƙara masa iska. Ki roƙi metiron ko likita ya yi wa Hajiya bayani da kansa, yana ce mata Mama. Abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba takan karɓa daga nasu. Sauran kuma aikin ɗanta ne, ba naki ba.

Shi maigida, tsoronsa ba daga sama ya faɗo ba, mutane da yawa sun yarda cewa mai tambaya ake yi wa horo. Ki nuna masa wannan amsar. Yaron da ake mantawa da shi a ɗaki mai cunkoso galibi shi ne wanda ba a jin motsin masu jinyarsa, ba wanda uwarsa ta gaida mutane ta kawo lissafi ba. Zuwan la'asar ziyara ce kawai, an riga an yanke komai da safe. Ya bar wa yaron shago kasuwar na safiya ɗaya ko biyu ya tsaya a zagaye tare da ke. Ba na jin daɗin faɗa, amma a wurare da yawa har yanzu an fi saurin tsayawa a saurari uba. Ku raba aikin: ke ce mai bayanin abin da ya faru, don ke kika gani, shi kuma ya tambayi shiri da kuɗi. Wayarsa ta zauna a kunne da daddare, domin in za a zuƙe ruwa daga ƙirji ko a ƙara jini, ana iya neman sa hannunsa, ana iya neman wanda zai ba da jinin.

In kuma bayan duk wannan hankalinku bai kwanta ba, ko likita da kansa ya ce akwai abin da yaron ke buƙata da ba su da shi, hanyar ita ce a tura ku, ba ku sulale ba. Ku nemi takardar turawa mai ɗauke da nauyinsa, magungunan da aka yi da lokacin allurar ƙarshe, da sakamakon gwaje-gwaje. Ku ɗauki hotonsu a waya. A kira can a tabbatar akwai gado da oksijin kafin ku tashi. A tafi da mota mai tukunyar iska, da kanula mai aiki, da ma'aikacin lafiya a ciki.

Ke ma ki ci abinci, ki sha ruwa sosai, ki karɓi barcin awa biyu in Hajiya ta riƙe shi. In Allah Ya kawo sauƙi aka fara maganar sallama, ki tabbata ya yi kamar awa 24 ba oksijin lambarsa tana zaune, yana kama nono da kyau. A nuna miki awon maganin sha da sirinji, ba da cokali ba, a gaya miki kwana nawa zai sha, a rubuta ranar dawowa. Ki tafi da katin rigakafinsa ki tambayi yaushe za a yi masa na mako 14, domin a ciki akwai allurai biyu da ke kare yara daga manyan ƙwayoyin da ke kawo limoniya. A gida kuma a nisanta shi da hayaƙin murhu da na turare, in akwai mai tsohon tari a gidan shi ma a kai shi a gwada.